Turmin Kaka da Ƙafafun Matar Sama

Akwai wani ɗakin motsa jiki a kan hanyata ta komawa gida daga tashar jirgin metro ta Al Qusais a nan Dubai, kuma tun watan jiya suka fara koyar da rawar salsa a cikinsa. Ba sai na leƙa ba. Daga bakin titi nake jin ƙararrawar nan ta ƙarfe, irin wadda ake ɗaura wa saniya a wuya, tana kwan-kwan-kwan a ƙarƙashin busar ƙaho. Shekaranjiya ina tsaye ina jiran danja ta ba mu hannu sai na ji ƙafata ta dama ta ja baya da kanta, dunduniya ta ɗaga. Na sa ta hagu na take ta da ƙarfi, har wani Ba'indiye da ke kusa da ni ya juyo ya kalle ni. Na tsani rawar nan. Kada ka ɗauka don ban san ta ba ne. Na san ta fiye da yawancin masu shiga ɗakin can, kuma bari in faɗa maka yadda aka yi na san ta.

A Abu Hail na tashi, a hawa na ɗaya na wani tsohon bene, saman shagon masu gyaran taya. Baba yana aikin kago, yana tattara kayan da 'yan kasuwar Kano suka saya ya cika musu kwantena ya tura gida. Umma kuma tana yi musu abinci, don Bakano ko ya kwana goma yana cin shinkafar Larabawa, a na sha ɗaya zai nemi tuwo. Ina shekara tara kakanmu ya rasu a Kano, Baba ya nema wa mahaifiyarsa biza ya ɗauko ta. Duk kayan da na sani a lokacin daga Dubai suke tafiya Kano, turmin Kaka ne kaɗai na ga ya taho daga can zuwa nan. Na itacen kirya ne, baƙi, mai nauyin tsiya, an naɗe shi da tsohon zani, taɓare biyu ɗaure a gefensa. Baba ya ce sai da ya sha magana a filin jirgi kafin a karɓe shi, ita kuwa ta ce masa idan turmin bai hau ba ita ma ba ta hawa.

Ranar da ta iso ta zagaya ɗakunanmu, ta taɓa bango, ta leƙa baranda, ta ga ba tsakar gida, ba ƙasa, ba ko kaza. Sai ta ce wa Baba, "Ni fa ba kallon bango na zo yi ba. Ranar da ka ga na daina daka a garin nan, ka nema mini jirgi." Baba ya yi dariya ya ce, "To, Hajiya." Ya sauka shagon ƙasa ya samo yankin tsohuwar taya, aka shimfiɗa a baranda aka ɗora turmin a kai. Ina laɓe a bakin ƙofa na ji maganar, kuma ban ɗauke ta da wasa ba, don na ga fuskarta lokacin da ta faɗe ta.

Ɗaki ɗaya aka haɗa mu. Kafin zuwanta ni yarinyar sanyin esi da talabijin ce, Hausata rabi Turanci rabi Larabcin masu kanti. Kaka ta ce ba ta gane yarena, ta sa mini suna 'yar Dubai, ta kuma ɗauki gyara mini baki aikinta na kullum. Idan na ce "khalas" sai ta ce, "Shi ke nan ake cewa, 'yar Dubai, bakinki bai karye ba." Ɗakinmu ya koma ƙamshin man kaɗanya da goro. Ita ke yi mini kitso, tana ja kamar da gayya. Ita ke sa mini lalle a ƙafa duk Sallah, ta ɗaure da leda ta hana ni motsi. Ban taɓa samun mutum nawa ni kaɗai ba sai ita, kuma abin da na fi tsoro a duniya shi ne jirgin nan da ta ambata.

Da zafi, lokacin da iskar waje take kamar tururin tukunya, gilashin taga yana zufa, da sassafe take daka, kaɗan-kaɗan. Amma idan sanyi ya shigo aka kashe esi aka buɗe ƙofar baranda, to lokacinta ya zo. Ranar Asabar da hantsi ake babban dakan mako: yaji, kuka, busasshiyar kuɓewa, citta da kanumfari na kunu. Ita da Umma suke tsayawa a kan turmi ɗaya su yi lugude, wannan ta sauke waccan ta ɗaga. Umma daka kawai take yi. Kaka kuwa takan buga taɓarya a bakin turmi tsakanin saukewa, ta cilla ta sama ta tafa sau biyu ta cafe, ba tare da ta ɓata wa Umma bugu ba. Tsohuwa ce mai ciwon gwiwa, amma a kan turmi sai ka rantse budurwa ce. Barkono ya tashi mu yi ta atishawa, masu gyaran taya su ɗago kai suna kallo. Kullum takan ce mini, "Zo ki karɓi hannun uwarki, kafaɗarki ta isa." Ni kuma in ce sai wata Asabar ɗin.

A sanyi na biyu aka samu sabuwar mai haya a samanmu. 'Yar Kolombiya ce, daga wani gari wai shi Kali, tana cikin wata ƙungiyar masu rawa da wani otal ya ɗauko. Da rana take gwaji a falonta, daidai saman inda Kaka ke shimfiɗa sallaya. In ba ka taɓa zama a ƙarƙashin mai salsar Kali ba, ba ka san abin da nake faɗa ba. Sauran masu salsa, kamar yadda na gani daga baya, gaba suke zuwa su koma baya suna lanƙwasa jiki. 'Yan Kali ba ruwansu da wannan. Daga ƙugu zuwa sama kusan a tsaye suke, duk haukan a ƙafa yake, dunduniya, yatsu, harbi, juyi, da saurin da ido ba ya iya bi, kamar wanda ya taka garwashi ya rasa inda zai sa ƙafa. Ita da bakinta ta faɗa mini daga baya cewa a garinsu har faifai suke ƙara wa gudu, wai kiɗan yadda aka yi shi ya yi musu sanyi. To wannan ne yake sauka a kanmu daga bayan azahar har la'asar, fitilar falo tana lilo.

Kaka ba ta tsani kowa a Dubai kamar matar sama ba. Haka take kiranta, ba ta taɓa tambayar sunanta ba. Kaka 'yar malam ce. A gidan da ta tashi ko ranar bikinta ba a kaɗa kalangu ba, mahaifinta ya ce makaɗi ya tsaya a bakin layi. A wurinta akwai masu sana'a, akwai kuma makaɗa da maroƙa, waɗanda ake ba su don a rabu da bakinsu, ba a haɗa zuri'a da su. 'Yar rawa kuwa ba ta ma cikin mutanen da ake magana. Idan ƙafafun suka fara sai ta ɗauki taɓarya ta daki silin sau uku, ta ce, "Allah ya shirye ki, in kuma ba mai shiryuwa ba ce ya kai ki wani benen." Baba ya sha sa fenti a kan tabon taɓaryar.

Wata rana iska ta jefo rigar matar sama barandarmu, wata 'yar ficiciya ja mai ƙyalƙyali wadda ko ni ba za ta rufe ni ba a lokacin. Kaka ta ɗaga ta da sandar tsintsiya ta ce wannan ai hular jariri ce. Da yake ni ce mai Turancin makaranta, aka ce in kai mata, in kuma faɗa mata ta riƙa barin mutane su yi sallah. Na hau da niyyar rashin kunya. Ta buɗe ƙofa tana haki, ta saurare ni, ta ba da haƙuri har da dafa ƙirji, ta sa na rubuta mata lokutan sallah ta manna a jikin firji. Daga ranar ba ta sake taka ƙafa lokacin sallah ba. Ina faɗar wannan ne don kada a ce na zalunce ta. Tana da kirki, kirkin nan nata ne ma ya cuce mu.

Falonta ba kujera, sai babban madubi da rediyo mai faifai da takalma a jere, ƙasansu na fata mai laushi wadda take karcewa da burushin waya. Ta ga ina kallon ƙafarta sai ta ce in gwada. Na gwada. Abin haushi, na iya. A gida na fara cewa ina hawa wurin wata 'yar ajinmu a hawa na uku mu yi aikin makaranta, kuma lokacin da na fi zaɓa shi ne Asabar da hantsi, don a lokacin Kaka da Umma suna kan turmi, in na zauna ma cewa za a yi in karɓi taɓarya.

A irin wannan Asabar ɗin ne lugude ya tashi daga ƙasa muna tsakiyar gwaji. Matar ta tsaya cak. Ta kashe rediyon, ta buɗe ƙofar barandarta, ta karkata kai tana ƙirga da yatsu. Ta tambaye ni wane ne wannan. Na ce kakata ce, da alfahari kuwa na faɗa. Sai ta fara taka ƙafa a kan bugun, saukar taɓarya biyu, bugun bakin turmi, tafi biyu, abin ya zauna mata daram kamar don ita aka yi shi. Ta jawo hannuna na shiga. Daga nan duk Asabar ba ta kunna kiɗa, turmin Kaka take jira, ni ce kuma mai faɗa mata lokacin da za a fara.

Kaka a ƙasa ta lura rediyo yana mutuwa da zarar ta ɗauki taɓarya. Ƙafafun kuwa ƙarar dakanta ta rufe mata su. Ta ce wa Umma, "Kin gani ko? Na kashe mata kiɗa. Ta san da manya a gidan nan." Ta ƙara ƙaimi, tana cilla taɓarya har ta kusa taɓa barandar sama, a ganinta yaƙi take ci. Ni ina jin wannan a wurin cin abinci sai in sunkuyar da kai ina danne dariya. Shekarata goma, ban san me nake haɗawa ba.

Ranar da abin ya fashe Juma'a ce, bayan an sauko daga masallaci, falonmu cike da baƙi. Hajiyoyi uku 'yan kasuwa daga Kano, masu sarin gwal da atamfa, sun zo cin tuwo, ɗaya daga cikinsu ma unguwarsu ɗaya da Kaka. Aka ƙwanƙwasa, na buɗe, sai ga matar sama. Ta sa doguwar riga har da ɗan gyale don girmamawa, ta riƙo 'yar kyamara da wani ƙunshi. Ta durƙusa gaban Kaka, yadda na taɓa nuna mata ana gai da manya, ta ce in fassara.

Da na yi ƙarya. Da na ce ta zo ba da haƙuri ne kan hayaniya, ta sha ruwa a rabu. Na yi wannan tunanin sau dubu tun daga lokacin. Amma a ranar daɗi nake ji, ina ganin yau zan shirya mutanena biyu, don haka na fassara tsaf. Na ce ta ce a garinsu ta yi rawa gaban manyan makaɗa, amma ba ta taɓa jin hannu irin na Kaka ba. Ta ce wata biyu ke nan da kiɗan Kaka take gwaji. Ta ce ta nuna wa shugaban ƙungiyarsu hoton bidiyon gwajin da ta ɗauka, ya ce a roƙi Kaka ta zo otal da turminta ta hau dandamali, su yi rawa tana kaɗa musu. Sai ta kwance ƙunshin ta ajiye a gaban Kaka. Ƙararrawar nan ta ƙarfe ce da ɗan sandanta. Ta ce kyauta ce daga mai rawa zuwa ga makaɗiya.

Hajiyar nan 'yar unguwarsu ta tsame hannu daga kwano ta ce, "Ikon Allah. Hajiya, ashe sana'a kika samu a Dubai ba mu da labari? 'Yar gidan Malam da kiɗan otal. Yalla, a nuna mana hoton mana." Wata a cikinsu ta rufe baki da gyale, kafaɗunta suna girgiza. Matar sama ta ga ana murmushi ta ɗauka an ji daɗi, ta kunna kyamarar ta miƙa wa Kaka.

Ƙafafu kawai aka ɗauka, don su ne abin kallo a rawar. Ga nata cikin takalmi suna gudu kamar keken ɗinki, ga lugude yana tashi raɗau, har da tarin Umma. Sannan ga wasu ƙananan ƙafafu a gefe, ba takalmi, suna bin bugun ba kuskure, da jan lalle har idon sawu, mai tsini uku a gefe, irin wanda mutum ɗaya ce take yi a duk Dubai. Babbar Sallah ba ta fi mako uku da wucewa ba. Kaka ta daɗe tana kallo. Da ta ɗago ba ta kalli matar ba, ba ta kalli Hajiyoyin ba, ta sauke ido kan ƙafafuna.

"Nan ne aikin makarantar?" ta ce. Sannan ta ce, "Ki ce mata na gode. Ta ɗauki abinta, ba mu da saniya." Ta tashi da ƙyar, tana dafa gwiwar nan da ba ta taɓa damunta a kan turmi ba, ta fita baranda. Muna ji ta kwantar da turmin, ta mirgina shi, ta kife shi a kan tayar. Matar sama ta yi ta tambayata me ya faru, me ta yi. Umma ce ta raka ta bakin ƙofa tana ce mata "khalas, khalas," ta rufe.

Asabar ta zo ba a yi daka ba. Umma ta fito da injin niƙa na lantarki, yajin ya fito kamar hoda, 'yan kasuwa suka ce ya canza. Baba ya zauna a gaban Kaka yana lallashi, ya ce, "Hajiya, baƙuwa ce, ba ta san al'adarmu ba. A wurinsu yabo ne." Kaka ta ce ta sani. Ta ce Hajiyoyin ma su kai labarin Kano in sun so, dama za su kai. Abin da ba za ta iya ba shi ne ta ɗaga taɓarya a gidan nan tana sane akwai mai jira a sama, kuma ba ta san ƙafar wa take kaɗa wa ba. "Na faɗa maka tun ranar da na zo," ta ce. "Ka nema mini jirgi."

Na yi kuka, na riƙe zaninta, na rantse ba zan sake hawa sama ba, na ce zan koyi lugude ko yau. Ba ta zage ni ba, ba ta dake ni ba, da ta yi da na fi samun sauƙi. Ta ci gaba da yi mini kitso har makon tafiyarta, sai dai ta daina ja, ta kuma daina ce mini 'yar Dubai. Matar sama ta turo furanni sau biyu, aka bar su a bakin ƙofa suka bushe. Na haɗu da ita a matakala ta buɗe hannu za ta rungume ni, na tofar da yawu a gefen takalminta na wuce. Na san ba daidai ba ne, amma har yau ban yi nadama ba.

Kafin zafi ya shigo Kaka ta tafi. Turmin da ta ce in bai hau jirgi ba ita ma ba ta hawa, ta bar shi a kife. Ta ce ba ta komawa gidan mahaifinta da ganga. A filin jirgi ta kama hannuwana biyu ta juya su ta duba tafin, sumul, babu kanta ko ɗaya a jiki, ta ce, "Allah ya yi miki albarka." Shekara biyu bayan haka ta rasu a Kano. Ina cikin jarrabawa, ba a tafi da ni ba.

Yanzu Baba da Umma sun koma gida, shagon taya ya zama na sayar da waya, matar sama ban san inda duniya ta kai ta ba. Yaji a leda nake saye wurin masu kawowa daga Kano, kamar kowa. Turmin yana barandata a Al Qusais. Mijina ya sha cewa a ba da shi, yana cin wuri, na ce a bar mini abina. 'Yan ofis ɗinmu har gayyatata suke ɗakin salsar can, wai habibti zo ki gwada, motsa jiki ne kawai, za ki so shi. Nakan ce ba na so, ba na ƙara bayani.

Sanyin da ya wuce 'yata mai shekara shida ta tambaye ni wace irin kujera ce wannan da ba a zama a kai. Na ce turmin kakata ne. Ta ce in nuna mata yadda ake yi. Na tayar da shi, na share ƙura, na zuba barkono kaɗan, na ɗauko taɓarya. Na daka sau biyar ko shida kafaɗata ta ɗau zafi. Na ce bari in yi yadda Kaka take yi, na buga bakin turmi, na cilla, na tafa, taɓaryar ta kuɓuce ta daki ƙarfen baranda ta faɗi. Zan sunkuya in ɗauka ke nan yarinyar ta fashe da dariya tana nuna ƙasa. "Umma, ƙafarki! Ashe kin iya rawa?" Na duba. Dunduniya, yatsu, ja baya, ba kuskure ko ɗaya, a kan bugun da hannuna ya kasa riƙewa. Matar da na yi wata uku ina zuwa falonta ta bar mini abinta a jiki duk shekarun nan. Tsohuwar da muka kusa shekara biyu a ɗaki ɗaya, tana miƙo mini taɓarya duk Asabar, ban karɓi komai daga hannunta ba.

Yarinyar ta riƙe zanina ta ce in koya mata. Na ce wanne, dakan ko rawar? Ta ce rawar mana.

Na kwashe barkonon, na kife turmin a inda yake.